Lamba Ɗaya ta 'Yan'uwa Biyu

A Wagadugu na fara sanin cewa takardar lakol, wato makarantar boko, ba ta hana a cuci mutum. Na sauka garin da sartifikana naɗe cikin ƙyalle, tare da wasiƙar shaida daga buron, wato ofishin, da na yi wa aikin rubutu a Agiye lokacin cinikin gyaɗa, ina zaton duk inda na nuna su za a ba ni kujera. A bakin tashar jirgin ƙasa wani mutum mai fararen kaya ya tare ni da Faransanci mai tsabta. Ya ce layi ya yi tsawo, bai kamata mai ilimi irina ya tsaya cikin rana tare da 'yan ƙauye ba, in kawo kuɗin ya karɓo mini takardar jirgi ta ƙofar baya. Maganar ta yi mini daɗi, na ba shi. Na zauna a inuwa ina jiransa tun hantsi har la'asar, kafin na yarda da abin da masu tallar wurin suka sani tun da ya juya baya.

Ina zaune a kan akwatina, na rasa ta yi, sai na ji an yi magana a kaina da Hausar gida:

"Yaya, dubi nan. Wanga ba Abdu ba ne, ɗan Malam Isa na Cadawa, mai rubuta buhunan gyaɗa?"

Na ɗaga kai na ga maza biyu masu kama da juna, kowanne da buhu a kafaɗa. Haruna ne da ƙanensa Illiya, 'ya'yan Malam Nomau, daga wani ƙauye da ke arewa da Agiye. Kaka ba ta yi musu kyau ba, mahaifinsu ya tura su cin rani. Haruna mutum ne mai nauyin baki, yakan yini bai faɗi kalma ashirin ba. Illiya kuwa, wanda ya baro mata da ɗiya mai rarrafe, shi ke magana a madadinsu duka biyun. Da na ba su labari ya yi dariya har ya dafa bango.

"Komi, ka iya karanta takarda, amma ba ka iya karanta fuskar ɓarawo ba?"

Komi shi ne abin da ake kiran magatakarda a wajenmu, da shi kuma suka kira ni har ƙarshen tafiyar. Haruna bai yi dariya ba. Ya juya baya ya kwance lalitarsa, ya je ya bi layin da na raina, ya dawo da takardu uku. Na fara jero masa godiya irin ta littafi, ya katse ni: "Tashi, jirgi na shirin tahiya."

Daga Bobo zuwa Bwake ƙasa ta sauya a kan idonmu. Gawo da kalgo suka ɓace, ciyawa ta fi mutum tsawo, daga baya itatuwa suka haɗe har sararin sama ya ƙanƙance. Illiya ya daɗe yana leƙe ta taga, sannan ya ce, "Yaya, mutanen nan a ina suke shanya hatsi?"

A Abijan muka sauka gidan wani mai masauki Bahaushe, mu tara a ɗaki ɗaya. Kwana ashirin na yi ina zaga buro-buro. Ko'ina na shiga sai in tarar da kujeru cike da mutanen bakin teku masu takardun da suka fi tawa, su ɗauki sartifikana da yatsa biyu, su ce in dawo gobe. Wani ya tambaye ni ko da gaske akwai lakol a ƙasarmu, ko kuwa sayen takardar na yi. Ban taɓa jin an yi wa mutum irin wannan tambaya ba, na ɗauki takardata na fito. Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan wata tsohuwa ce mai sayar da kunu a bakin kasuwa. Da ta ji maganata ta ajiye ludayi ta ce, "Ɗana, kai na ina ne?" Ashe 'yar Gazawa ce, ta biyo mijinta soja, ya rasu, ba ta sake komawa ba. Ta tambaye ni ko tsamiyar bakin kasuwarsu tana nan. Na ce tana nan, ƙarƙashinta mahauta ke zama. Daga ranar ba ta sake karɓar kuɗina ba.

Ana haka wata babbar mota ta tsaya a unguwarmu, ana neman masu saran katako a kurmi, da komi ɗaya mai rubuta waɗanda suka fito aiki. Ni aka ɗauka nan take, domin babu ɗan birni da zai yarda ya zauna a kurmi. Amma kafin layi ya zo kan 'ya'yan Malam Nomau, gurbi ɗaya ya rage. Ga al'adarmu ƙane ba ya shiga gaban wa, saboda haka Haruna ya ba da sunansa, aka miƙa masa wani ɗan faifan gwangwani mai huji, an buga masa lamba arba'in da ɗaya. Da za a tashi, sai na ga Illiya ya haye motar shi ma.

Na ce, "Lamba ɗaya ce fa, ku kuwa biyu."

Ya ce, "Komi, gidanmu nawa? Lokacin aikin dole, in mai gari ya ce kowane gida ya hiddo mutum guda, wa ya taɓa tambayar wane ne ya zo? Gidan Nomau ya zo, magana ta ƙare. Yau Yaya, gobe ni. Lambar gidanmu ce."

A zuciyata na san tsarin Turawa ba haka yake ba. Amma na tuna takardar jirgin da Haruna ya saya mini, na bar maganar.

Shantiyen, wato wurin saran katakon, yana tsakiyar kurmi, tafiyar yini guda a mota daga gari mafi kusa. Mafi yawan ma'aikatan Mosawa ne, mutanen ƙasar Wagadugu, mu mutanen Maraɗi ba mu kai ashirin ba. Babbanmu shi ne Jibo, wani Bagobiri daga wajen Gidan Rumji, mai tsage har kunne, wanda ya shekara shida a kurmin. A safiyar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan lakol, nan sunanka ka aje shi cikin akwati kada ruwa ya taɓa shi. In za ka koma gida ka ɗauka." Gaskiya ya faɗa. Kowace safiya nakan tsaya a gaban buro in kira lambobi, ba sunaye ba, mai lamba ya ɗaga faifansa, in yi alama a rajista. Mai wurin wani Bature ne da ake yi wa laƙabi da Mai Lofe, domin ba a ganinsa sai da lofe a baki. Ƙarƙashinsa akwai shef, wato mai kula da leburori, baƙar fata kamarmu, mai tsawa.

Abin da na gani cikin rajistar nan ya girgiza ni. Ranar da ruwa ya hana aiki ba a lissafa ta. Ƙotar gatari ta karye, a cire daga ladan mai sara. Tsakin shinkafa da busasshen kifi mai tsutsa da ake rabawa, su ma a cire. Ni ne kuma mai rubuta wannan duka da hannuna, da kyakkyawan rubutun da mushe, malaminmu, ya koya mana a lakol. Wannan rani shi ne na farko bayan an ba ƙasashenmu 'yanci, sabuwar tuta kuwa tana kaɗawa a kan buron Mai Lofe. Wata rana na nuna wa Jibo ita, na ce ai zamani ya sauya.

Ya ce, "Ranar da anka ɗaga ta an ba mu hutu, munka yi rawa har da ni tsoho. Ƙarshen wata munka iske an cire ranar. In ba ka yarda ba, ai kai ke da littahi."

Na buɗe tsohuwar rajista, na tarar haka ne. An ja layi a kan ranar daga sama har ƙasa.

Haruna da Illiya suka ci gaba da tsarinsu. Ranar da ɗaya ya rataya lamba, ɗayan ya tafi gyaran gonar kofi ta wani ɗan ƙasa da ke gefen kurmi, a biya shi da rogo da ayaba. Raina bai kwanta ba, sai na je na faɗa wa shef. Ya tambaye ni, "Lamba arba'in da ɗaya ta taɓa fashi?" Na ce a'a. Ya ce, "Sauran sukan kwanta ciwo, ita ba ta kwanciya. To mene ne damuwarka?" Daga ranar na sayi kaye na kaina, wato littafin rubutu, a kantin shantiyen, ina rubuta sunan wanda ya fito aiki da gaske a ƙarƙashin kowace lamba, da duk abin da ya faru a yinin. Ba ni da wata manufa, sai dai ba na iya barin abu a rubuce ba daidai ba.

Wata Talata da hantsi ana loda gungume a mota. Gungumen irin wanda maza uku ba sa iya zagaye shi da hannu ne, ana jan sa da igiyar ƙarfe a kan gadon itace zuwa bayan motar. Sau uku na gaya wa shef cewa igiyar ta fara tsintsinkewa, sau uku na rubuta a kayena. Ina buro na ji ƙara kamar an harba bindiga, sai ihu. Da na isa, gungumen ya gangaro ya danne ƙafar dama ta Illiya daga gwiwa zuwa ƙasa. Mutum ashirin suka sa sanduna suka ɗaga, aka janye shi. Ba zan bayyana yadda ƙafar ta koma ba. Bai suma ba, yana ta salati, lambar tana rataye a wuyansa.

Mai Lofe ya iso, ya sunkuya ya karanta lambar, ya ce da shef a share wuri a gaban mota, a kai shi gidan likita. Doka ta wajabta masa jinyar duk ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Ya juyo gare ni ya ce in cike takardar hatsari.

"Arba'in da ɗaya. Sunansa?"

Na ce, "Illiya. Ƙanen mai lambar ne."

Shekaru na yi ina auna wannan amsa. Mai Lofe bai san fuskar kowa ba. Da na ce Haruna, da ya sa hannu, da motar ta tashi da Illiya kafin azahar. Amma tambayata aka yi, na kuma faɗi abin da na sani, ban ko tsaya tunani ba.

Ya cire lofen daga baki. Ya sa aka kawo rajista, ya bi ta da yatsa. Daidai lokacin Haruna ya iso a guje daga gonar kofi, ya faɗi a kan ƙanensa. Mai Lofe ya tambayi ko wane ne wannan, shef ya ce shi ne mai lambar. Sai Mai Lofe ya rufe rajistar, ya yi magana a natse, ya umarce ni in fassara. Da bakina, da Hausarmu ta gida, na gaya wa Haruna cewa Bature ya ce ma'aikacinsa mai lamba arba'in da ɗaya ga shi nan lafiya lau, wancan kuwa baƙo ne da ya shigo shantiye ba izini, motar kamfani kuma ba ta ɗaukar baƙi.

Haruna ya dube ni kamar bai ji ba. Ya durƙusa a gaban Baturen. "Komi, gaya mishi wata huɗu wanga yaro ke yi mishi sara. Gaya mishi ya riƙe ladan duka, ba mu so. Wuri kaɗai, ko bisa katako."

Na fassara, har na ƙara da nawa. Na ce shef ya sani tun farko. Shef ya ce bai taɓa jin wannan magana ba. Mai Lofe ya ce in ya ɗauke shi ya amsa cewa ma'aikacinsa ne, shi kuwa ba zai amsa ba. Aka kawo wata igiyar, aka ƙarasa lodi. Ina tsaye motar ta wuce ta gabanmu, wurin zama kusa da direba babu kowa, gungumen nan a kanta da jinin Illiya a ɓawonsa.

Muka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa zuwa bukkarsu. Jibo ya wanke raunin da ruwan zafi da gishiri, ya ɗaure da tsumma. Da ya gama ya ja ni waje.

"Ɗan lakol, wa ya aike ka?"

Na ce, "Tambayata ya yi, Baba Jibo."

"Tambayarka ya yi! Suna guda fa. Haruna. Harshenka ba ya iya ɗaukarshi?"

Ya tofar da yawu gefe, ya nufi bukkokin Mosawa. Na ga ya zauna da babbansu, wani dogon mutum mai furfura, sun daɗe suna magana da guntun Faransanci da hannu.

Washegari da safe na tsaya a gaban buro na fara kiran lambobi kamar kullum. Na kira ɗaya, babu wanda ya ɗaga faifai. Na kira biyu, shiru. Mutane suna tsaye a wurin, gatura a ƙasa. Sai Haruna ya fito daga cikinsu da babbar tukunyar ƙarfe da ake dafa shinkafa, ya dire ta a gaban matakala, ya ciro lambar da ya cire daga wuyan ƙanensa ya jefa ciki. Jibo ya biyo, ya jefa tasa. Babban Mosawa ya faɗi kalma biyu da harshensu, mutanensa suka yi layi. Ƙarar gwangwani a cikin tukunyar ce ta fito da Mai Lofe.

Jibo ya ce, "Komi, fassara, kuma kada ka gyara mini magana. Gaya mishi tunda lamba ce ke yi mishi aiki, ga su nan sun hallara, ba wadda ta yi fashi. Ya ba su gatari."

Na fassara yadda ya faɗa. Mosawa suka fahimta kafin in gama, aka bushe da dariya, wadda ban taɓa jin irinta a shantiyen ba. Jibo ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce ba za a taɓa ko reshe ba sai an kai Illiya gidan likita da sunansa, a matsayin ma'aikaci. Babban Mosawa ya ƙara da cewa a daina cire kuɗin ƙota da ranar ruwa. Mai Lofe ya ce zai kira jandarma. Ya sa aka kulle ɗakin abinci, ya hana direbobi motsa mota, ya aika shef gari da ƙaramar motarsa. Har wannan motar Haruna ya bi da gudu yana roƙo, ba ta tsaya ba.

Yini biyu muka yi a zaune. Wasu suka ce a ɗauki Illiya a ka zuwa gari, Jibo ya ce tafiyar kwana huɗu ce a ƙafa, ba zai kai ba. Yunwa ta fara sa matasa gunaguni, sai ga matar mai gonar kofi da 'yan'uwanta mata ɗauke da kwanduna na rogo da ayaba. Ba mu jin harshenta, ba ta jin namu. Ta ajiye, ta leƙa bukkar, ta fito ta rufe baki da zane.

Na kasa shiga wurin Illiya sai ranar Alhamis da la'asar, shi ma don ya aiko a kira ni ne. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, wari ya cika bukkar, Haruna yana kore ƙudaje da ganye. Zazzaɓi ya kama shi, amma ya gane ni.

"Komi, an ce ba ka cin abinci."

Na ce, "Illiya, ka yafe mini."

"Mi ka yi? Wata huɗu ina wurin ga, kai kaɗai ka faɗi sunana gaban Bature." Ya yi ƙoƙarin dariya. "Sai dai ka zaɓi mugunyar rana."

Ranar Juma'a da hantsi jandarma biyu suka iso da motarsu, shef yana biye da su. Babbansu baƙar fata ne, mai ƙananan idanu, bai yi kama da mai son doguwar magana ba. Mai Lofe ya ce a kama masu tada fitina. Jandarman ya ce to, a nuna su. Mai Lofe ya buɗe rajista ya karanto lambobi biyar da shef ya ba shi, ya ɗaga kai ya dubi taron. Babu wuyan da ke da lamba. Mutum kusan ɗari a zaune a ƙasa suna kallonsa, wasu sun shekara shida suna yi masa aiki, ya kasa nuna ko ɗaya. Ya nemi shef, shef ya dubi fuskokin da zai ci gaba da zama a cikinsu bayan jandarma sun tafi, ya ce shi ma da lamba ya san su.

Jandarman ya ce, "Ina komi?"

Na fito. Na ce rajistar kamfani lambobi ne a cikinta, amma ina da kaye da ke da mutane. Na buɗe na karanta masa kwanakin da Illiya ya yi aiki, ɗaya bayan ɗaya, da ranar da na sanar da shef da amsar da ya ba ni, da ranaku uku da na yi maganar igiya. Mai Lofe ya daka mini tsawa, ya ce wannan takarda shaida ce a kaina, ni na bar baƙo ya yi aiki. Na ce haka ne, na bari, shi kuma ya karɓi katakon.

Jandarman ya tambayi inda mai raunin yake, ya shiga bukkar. Bai daɗe ba ya fito yana goge fuska da hularsa. Ya tambayi Mai Lofe yaushe abin ya faru. Da ya ji Talata, ya ƙirga da yatsunsa. Sannan ya ce a kawo takardar hatsari, a rubuta sunan mutumin, Bature ya sa hannu a gabansa, in ba haka ba kayen nan zai wuce da shi wurin mai duba harkar ƙwadago. Jirgin ruwa yana jiran katako a bakin teku, yini uku ba a loda ko gungume ɗaya ba. Mai Lofe ya sa hannu. Ya amince da maganar ƙota, ya ƙi ta ranar ruwa. Da alƙalamin nan kuma ya rubuta takardar korata.

Aka kwantar da Illiya a bayan motar jandarma, ni da Haruna muka riƙe shi. Kafin mu tashi Jibo ya zo da hula cike da abin da mutane suka tara, Hausawa da Mosawa, ya juye wa Haruna a riga. Ni kuma ya dafa mini kafaɗa ya ce, "Yau harshen naka ya yi aiki, ɗan lakol. Allah shi kiyaye hanya."

A gidan likita aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likitan ya tambaye ni dalilin da ya sa muka ajiye shi har haka, ya ce mutanen arewa kullum sai sun gama da maganin gargajiya suke zuwa, da an kawo shi ranar da abin ya faru da ya koma gida da ƙafarsa ko da ɗingishi. Na buɗe baki in ba shi amsa, amma ya riga ya wuce gado na gaba. Mako bakwai muka yi a garin. Haruna yana dako a kasuwa, ni ina rubuta wa mutane wasiƙu a bakin gidan waya, da haka muka ci. Abin da kamfanin ya biya a ƙarshe ya kai mu gida, ya sayi jaki ɗaya a kasuwar Agiye, bai wuce haka ba.

Mun isa ƙauyensu kwana biyu bayan ruwan fari, mutane duk suna gona wajen shuka. Illiya yana kan jakin, sandunansa a gicciye a gabansa, Haruna yana ja. Na so in rabu da su a Agiye in wuce Cadawa, amma na ga bai dace in bar su su yi bayani su kaɗai ba. Malam Nomau yana zaune a zaure yana gyaran sungumi, tsoho ne siriri mai farin gemu. Ya ga 'ya'yansa, ya ga wandon da aka naɗe aka soke da ƙaya, ya ajiye sungumin a hankali. Daga cikin gida wata mace ta fasa kuka, ya ce a yi shiru.

Muka gaisa. Na durƙusa na ba shi labari tun daga Wagadugu, ban rage komai ba, har da amsar da na ba Bature. Na fito da takardar hatsari da ta likita da kayena na shimfiɗa a gabansa, na ce duk abin da yake so ya sani yana ciki. Bai dube su ba. Sai ya ce:

"Ɗana, ita ƙafar, an rufe ta?"

Ban gane ba, na ce, "Na'am, Baba?"

"Da anka yanke. Jikin Musulmi ce. An sa ta ƙyalle an rufe ta cikin ƙasa, ko ko yaya anka yi da ita?"

Na dubi Haruna, ya sunkuyar da kai. Mako bakwai muna ƙofar gidan likitan nan, ina da Faransancin da zan tambaya, ban tambaya ba.

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya je wurin jakin, ya juya wa Illiya baya ya ɗan rusuna. Haruna ya yi sauri zai karɓa, ya ɗaga masa hannu. Da kansa ya goya ɗansa, ya shiga da shi cikin gida.